Hannun Injin Taliya

Na riga na kwaɓa fulawa ranar, na ɗaure injin taliyata a jikin benci, sai na nemi hannunsa na rasa. Duk wadda ta taɓa murza taliya ta san hannun zare shi ake yi a ajiye gefe, kuma in babu shi injin ya tashi daga aiki. Na duba kwando, na duba ƙarƙashin gado, har cikin buhun gero na zura hannu. Malam, maigidana, yana zaune a gindin darbejiyar tsakar gida yana kallona, bai ce uffan ba.

A lokacin shirunsa ba abin mamaki ba ne. Tun da hawan jini ya kayar da shi ya shanye masa ɓarin dama, magana ta zame masa aiki. Ƙafar ta ɗan dawo, bakin ma ya saki, amma hannun dama ya ƙi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gyaran keken ɗinki a kasuwar Azare, wanda teloli ke ɗauko masa kawunan kekunansu tun daga Giade da Shira, sai ga shi ko maɓallin rigarsa ni nake ɓalla masa. A asibiti sun ba shi wata ƙwallon roba suka ce ya riƙa matsawa. Kwana biyu ya yi da ita ya jefa ta bayan katanga da hagu. Tsorona a lokacin ba mutuwa ba ne. Tsorona shi ne hannun nan ya tafi ke nan, don na san in ya tafi, Malam ma zai bi shi yana zaune.

Da la'asar ƙaninsa mai walda ya yi sallama, ɗauke da wani abu a kafaɗa. Ya dire shi a gaban yayansa yana haki. Katako ne mai faɗi, an kafa masa wasu guntaye biyu a tsaye, an huda su, an zura siririn ƙarfe mai santsi ya ratsa su. A ƙarshen ƙarfen kuwa, ga hannun injina, an like shi da walda.

Na ce, "Kai! Ashe kai ne ɓarawon?"

Ya ce, "Ni ɗan aike ne, matar Yaya. A aljihun babbar riga aka ba ni shi jiya. Ki tambayi mai rigar."

Wallahi raina ya ɓaci. Injin nan tun ina amarya nake da shi, ga kwaɓi can ya bushe a roba. Na buɗe baki zan zazzage musu su biyun, sai na ga Malam ya sunkuya yana shafa ƙarfen da yatsun hagu, yana gwada ko yana rawa a cikin hudar. Rabon da in ga ya duba wani abu haka tun kafin ya faɗi. Na haɗiye maganata, amma ban fasa hararar ƙanin ba.

Ashe sulke Malam yake so ya gyara. Akwai wani tsohon sulke na kakansa da aka zo da shi daga garin Katagum, yana naɗe a ƙasan akwatin ƙarfe, riga ce ta ƙananan zobba sarƙe da juna, nauyi kamar me. A ƙarƙashin hammatarta akwai ɓaraka wadda tafin hannu zai shige. Danginsu sun ce mashi ne ya yi ta. Ni dai na ce tsatsa ce, kuma har gobe ban sauya ba. Shekara da shekaru yana cewa zai cike ta, aiki bai bari ba.

Zobban ne sai an yi su ɗaya bayan ɗaya, abin da ya sa ya tsara wannan na'ura ke nan. Kusa da hannun akwai wata 'yar huda a jikin ƙarfen. A nan ake soka bakin waya, sai a juya, wayar ta yi ta naɗuwa jere da juna har ta cika ƙarfen. A zare, a bi da almakashin ƙarfe a yanka, zobba su zubo. Ba irin wayar ɗaurin magina ba, wannan ya ce ta yi laushi. Ta shinge ya sa aka sayo, mai taurin kai irin nasa.

Sai dai abin hannu biyu yake so, ɗaya yana juyawa, ɗaya yana riƙe da wayar yana bi da ita. Malam ya riƙe waya da hagu, ya dubi hannun injin, ya dubi damansa da ke kwance a cinya. Sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Hajiya, tunda naki ne, zo ki juya."

Ranar farko na sha wuya. Da muka cika ƙarfen sai na saki hannun gaba ɗaya, ban san wayar a matse take ba. Ta warware da ƙarfi, bakinta ya tsarge ni a babban yatsa. Tabon yana nan. Malam ya yi dariya har da tari, dariyarsa ta farko a shekarar, ni kuwa ina tsotsar yatsa ina ce masa Allah ya isa.

Haka muka riƙa yi kullum bayan la'asar. Wata rana na tuna ƙwallon da ya jefar, na ce, "Malam, ɗora hannun nan a kan nawa, ya riƙa bin juyin." Ya kau da kai. Mu mutanen da ne. Mun haifi 'ya'ya mun aurar, amma bai taɓa riƙe hannuna da rana a tsakar gida ba. Na ɗauko hannun da kaina na ɗora. Sanyi gare shi, ga nauyi. Ni nake juyawa, nasa yana bisa nawa yana zagayawa, ƙarfen yana ƙiiƙii a cikin katako, mu duka biyu muna kallon waya kamar ita ce ta tara mu.

A nan muka yi hirar da ba mu taɓa yi ba. Ya ba ni labarin kakansa, da yadda ya fara ganina a gidan biki na zubar da kunu a zanin ƙawata. Ni na ma manta. Wajen tsakiyar damina na fara jin yatsunsa suna kama nawa. Daga baya na ji yana turawa. Na yi hamdala a zuci, ban faɗa ba, don na san halinsa, in aka yabe shi sai ya fasa.

Rannan na tafi barka unguwar gaba, na dawo da wuri. Tun daga zaure na ji ƙiiƙii. Na leƙa. Malam ne shi kaɗai, hagu a kan waya, dama a kan hannun injin, yana juyawa tsaf, ko gargada babu. Na jingina da bango na yi kuka. Na farin ciki ne, amma ba duka ba. Na san aikina ya ƙare.

Na share fuska, na yi sallama da ƙarfi. Ƙarar ta tsaya cak. Da na shigo hannun yana kwance a cinya kamar kullum.

Ya ce, "Kin daɗe. Hannun nan yau ya ƙi sam. Zo ki juya."

Na ajiye mayafi na zauna. Ya ɗora hannunsa, da kansa.

Ɓarakar sulken ta cike kafin kaka. Sai ya ce hannuwan rigar sun yi gajarta, a ƙara. Da muka ƙara ya ce wuyan ma. Ƙaninsa ya ce in aka bar mu sai mun mai da sulken kakansu jallabiya. Ban taɓa gaya wa Malam na gan shi ba, shi ma bai taɓa tambaya ba, har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan na fita takaba ƙanin ya zo da abin yankan ƙarfe. Ya ce, "Matar Yaya, kawo in cire miki hannun injinki. Na daɗe da wannan laifin a kaina."

Na ce ya bar shi. Taliyar kanti nake ci yanzu, ba ta da daɗi, na kuma saba.

Na'urar tana nan a gindin darbejiya. Wani lokaci bayan la'asar nakan zauna in soka waya in juya. Komai nata lafiya lau, ƙarar ma ba ta sauya ba. Sai dai hannun ya yi mini sauƙin juyawa da yawa.