Kailani Mai Yashi da Jiniyar Bakin Kubanni

Duk wanda ya taɓa sayen yashi a bakin kogin Kubanni ta gefen Tudun Wada ya san Kailani, ko da bai riƙe sunansa ba. Dogo ne baƙi, mai faɗin ƙirji, da tabon shebur tun daga gindin kunne har haɓa. Mahaifinsa da jakai yake kai wa magina yashi a Gyallesu da cikin Birni. Da tifa ta kori jakai, sai Kailani ya gaji kogin kawai, da shebur ɗaya.

Haƙar yashi ba sana'ar mai sanyin jiki ba ce. Rami mai kyau kowa yana so, kuma ba a raba shi da baki. Tun Kailani yana saurayi samarin Tudun Jukun suka tsallako za su ƙwace raminsu, aka yi ta sara da shebur har ruwan wurin ya yi ja. A nan aka tsaga masa fuska, shi kuma ya karya wa wani allon kafaɗa. Daga ranar ba wanda ya ƙara taka raminsa. A gida kuwa mutum ne mai shiru. Yana zaune a wani lungu da ya gangara kogi, shi da matarsa Bahijja, da 'yarsu Sumaiya, da mahaifiyarsa Inna Hajo, wadda ciwon gwiwa ya zaunar a ɗakin ƙasa na ƙarshen gida.

Ana nan sai damina ta sake hali. Manoma su yi shuka ta ƙone, a yi ta roƙon ruwa, sannan ruwan wata guda ya sauko a yini ɗaya. Wata Laraba da la'asar Kailani yana cikin rami ya ji wani ruri daga sama da kogi, kamar tireloli sun jero. Kafin ya haye gaɓa ruwa ya shafe ramin. Ya sheƙa gida a guje. A lungunsu ruwa ya kai masa ƙirji, yana tafe da durom-durom da awaki da kwanon rufi mai yankan nama. Wani katako ya buge shi a haƙarƙari, ya nutse, ya taso. Ya hango Bahijja a kan katangar bulo ta maƙwabta, ta ƙanƙame Sumaiya, tana nuna ƙarshen gida tana kururuwa, "Inna! Inna!"

Ɗakin ya riga ya zauna. Da hannu Kailani ya tone laka da azara, faratansa suna ɓallewa, har ya kai ga zanen Inna. Ya ciro ta bakinta cike da ƙasa. Bai yi kuka ba, ko a wurin jana'iza. Amma tun daga lokacin, magana kaɗan ce ke tsakaninsa da duka.

Bayan damina aka ji gwamnati ta ware kuɗi don a binciki yadda unguwanni za su iya zama da wannan sabon yanayi. Wasu malaman jami'a suka zo Tudun Wada, shugabarsu Dakta Felicia, 'yar Wusasa ce, Hausa a bakinta kamar ta kowa. Tare da ita akwai injiniya, Malam Jamaluddeen, mai ƙaramin jiki da yawan gaisuwa. Aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa don su yi bayani. Kailani bai je ba. Ya ce da suna da abin yi, da sun zo tun Inna tana da rai.

Malaman suka kafa wani dogon ƙarfe a bakin kogi, da faranti mai ɗaukar hasken rana, da na'urar auna ruwa, da jiniya a sama wadda za ta yi kuka in ruwa ya taso. Suka kuma bi lunguna suna ja wa bangaye layi da jan fenti, daidai inda ambaliyar ta tsaya. Wata rana Kailani ya dawo ya tarar da jan layi a guntun bangon da ya rage na ɗakin mahaifiyarsa.

Alhaji Labaran, mai tifofin da masu yashi suke yi wa lodi, shi ya fassara musu jan layin. Ya tara su a gindin mota ya ce, "Ku yara ne? A ƙasar nan in kun ga jan fenti a bango me ke biyo baya? Rusau! Su rushe gidajenku, su hana yashi, ku ci me? Wancan ƙarfen kuwa hotonku yake ɗauka."

Washegari da hantsi Jamaluddeen yana kan tsani yana ɗaure wayar jiniya, sai ga masu yashi sun fi ashirin, da shebur da gora, Kailani a gaba.

"Sauko," in ji Kailani.

"Sannunku da aiki, Malam. Bari in ƙarasa ɗaure..."

"Wa ya ba ka izinin shafa wa ɗakin uwata fenti?"

"Wallahi ba rusau ba ne. Awon ruwa ne, don mu san..."

Kailani ya kai wa tsanin sara. Jamaluddeen ya faɗo a kan duwatsu, aka rufe shi da duka. Ya ɗago kai yana kare fuska da hannu, bakin shebur ɗin Kailani ya same shi a ido. Jini ya yi tsartuwa har kan rigar Kailani. Dakta Felicia ta fito daga mota a guje, ba ko takalmi, ta faɗa kan Jamaluddeen ta rufe shi da jikinta tana cewa, "Ku ji tsoron Allah! In kisa ne ku haɗa da ni!" Wani ya jefe ta da dutse, goshinta ya fashe, ba ta ɗaga ba. Wasu suka cinna wa motar wuta, wasu suka kayar da ƙarfen. Kailani ya tsaya da shebur a sama yana kallon jinin matar yana ɗiga a bayan Jamaluddeen, hannunsa ya ƙi saukowa. A haka 'yan sanda suka same shi, sauran duk sun watse.

Idon Jamaluddeen na hagu bai tashi ba. Alƙali ya tura Kailani gidan yari. Alhaji Labaran ko leƙe bai yi ba, ya ɗauki wasu masu lodin.

An ba Dakta Felicia shawara ta kwashe aikin ta kai wata unguwa. Ta ƙi. Da ɗinki a goshi ta koma wurin mai unguwa, ta shiga gida-gida tana yi wa mata bayani a tsakar gida. Aka sake kafa ƙarfen, dattawan masallacin lungun suka ɗauki nauyin tsaronsa.

Damina ta zagayo, Bahijja ta zo ziyara gidan yari fuskarta a kumbure don kuka. Ta ce, "Baban Sumaiya, ruwa ya dawo, ya fi na bara. Muna tsakar girki jiniyar nan ta ɗauki kuka. Kowa ya saki abin da yake yi, muka hau tudu, har tsoho Yusha'u makaho a baro aka tura shi. Mun yi asarar kaya, gidaje sun zube, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba." Ta share ido da bakin hijabi. "Kuma har yau ba wanda ya zo rusau."

Kailani ya kifa goshi a kan ƙarfen da ke tsakaninsu. Har mai gadi ya ce lokaci ya yi bai ɗago ba.

Da aka sake shi daga gidan yari, kafin ya nemi aiki sai da ya nemi Jamaluddeen. Ya same shi a bakin kogi da baƙin tabarau. Kailani ya durƙusa a cikin laka, ya ce, "Malam, ga ni."

Jamaluddeen ya dube shi da ido ɗaya. "Na san abin da ka zo nema. Ba ni da shi tukuna. In Allah ya sa ya zo, zan gaya maka."

Dakta Felicia ce ta ba Kailani aiki. Bincikensu ya nuna haƙar yashi a jikin gaɓa ita ke cinye ƙasan unguwar, sai suka ware inda za a iya haƙa a tsakiyar kogi, suka fara dasa ciyawar jema a gaɓa, don saiwarta tana nutsawa ta ɗaure ƙasa. Suna neman mai ƙarfi wanda ya san kogin. Ta ce, "Ba don na manta ba ne, Malam Kailani. Aikin ne yake buƙatarka."

Tsofaffin abokansa suka sa masa suna karen 'yan boko. Gaɓar da yake dasawa kuwa ita ce mafi sauƙin lodi ga tifofin Alhaji Labaran. Wata safiya yana sunkuye yana dashe, mutum uku suka sauko masa, a gaba da adda a hannu Zulkiflu ne, wanda a da tare suke cin tuwo a kwano ɗaya.

"Tashi ka bar wurin nan, Kailani."

"Ba zan tashi ba."

Shebur yana kusa da ƙafarsa. Ya dube shi, ya shure shi cikin ruwa. Zulkiflu ya kawo sara, Kailani ya tare da hannun hagu, yatsu biyu suka faɗi cikin jema. Bai ja da baya ba. Ya rungumi Zulkiflu, ya ɗaga shi ya maka da ƙasa, ya danne ƙirjinsa da gwiwa. Na biyu ya zuba wa Kailani gora a baya har ta tsage, na uku ya ga mutane suna gangarowa daga lungu ya arce. Kailani yana zaune a kan Zulkiflu, jinin hannunsa yana zuba a fuskar mutumin, yana ta maimaitawa, "Ba zan doke ka ba. Wallahi ba zan doke ka ba." Da ƙyar aka ɓamɓare shi aka kai shi asibiti a Keke Napep.

Yanzu kuɗin binciken sun ƙare, malaman suna jiran ko za a sabunta. Jema ta kama gaɓar, ta yi duhu ta fi mutum tsayi, Kailani yana yankan ta yana sayar wa masu saƙar zana da masu jinka. Zuciyarsa ba ta gama sanyi ba, Bahijja ta ce har yanzu in ransa ya ɓaci sai ya fita ya bar gidan. Jamaluddeen yakan zo duba na'ura, ya ɗaga masa hannu daga nesa, iyakar abin ke nan.

Tifofin Alhaji Labaran sun koma can ƙasa da kogi, gaɓar mutanen wurin ta fara zaftarewa. Kwanan baya dattawansu suka aiko a tambayi Kailani ko zai zo ya nuna musu dashen. Ya cika buhuna da saiwar jema, ya ce su tanadi masu haƙa, zai iso ranar Asabar bayan ya karya kumallo.