Gidan da Doki Zai Koma

Tayoyin babur nake sayarwa a Sabon Gari, kuma a bayan shago na koyi wasan ces, wurin wani tsohon soja daga Basawa. Buɗi ɗaya, wato salon fara wasa, ya koya mini: in ba da ƙaramin soja kyauta tun farko, in abokin wasa ya ci, sai in afka wa sarkinsa kafin ya gama fito da kayansa. Ya kuma nuna mini inda buɗin ke yoyo. Akwai wani gida a kan allon da in dokin abokin wasa ya koma, ni ne a ruwa.

A wata gasa a Samaru, wadda zakaranta zai wakilci Zariya a Kaduna, na kai wasan ƙarshe da wannan buɗin. Da safe na ka da wani dattijo Bayarabe mai kantin magani a Muchia. Wata malamar lissafi ce ta rage mini, bayan azahar.

Al'adar masu ces, in an gama sai a sake jera kaya a bi wasan tare. Ƙin yin haka raini ne. Muka jera ni da dattijon. Malamar ta jawo kujera ta zauna a gefenmu, tana ɓare gyaɗa.

"Alhaji, a ina na mutu?" in ji dattijon.

Na nuna masa can tsakiyar wasa, inda ya bar sarkinsa ba tsaro.

"A'a. Kafin nan akwai wani abu."

"Baba, wannan sai bayan la'asar. Ba na faɗin inda nake sari a gaban mai saye."

"Ni ba na jin komai, gyaɗa nake ci," in ji malamar.

Dattijon ya yi dariya, amma bai tashi ba. Ya mai da kayan baya, ya ɗauki dokinsa ya aje nan, ya girgiza kai, ya aje can. Na riƙe fuskata kamar ana taya mini kaya da arha. Da dokin ya sauka a gidan, sai na kai hannu zan kwashe allon.

Hannuna malamar ta kalla, ba dokin ba.

Bayan salla na daɗe a bakin masallaci ina lissafi. Ba ni da wani buɗin da na yarda da shi, don haka da muka zauna wasan ƙarshe na miƙa wa malamar ƙaramin sojan. Ta ci, ta mai da dokinta gidan ko tunani ba ta yi ba. Na yi ta fafutika har lokacina a agogon wasa ya kusa ƙarewa, sannan na kwantar da sarkina, alamar na sallama. Ita ta tafi Kaduna.