Jan Tabo a Kuncina

Ƙamshin ƙuli-ƙuli na shigowa ta taga, injin markaɗe na ruri a bayan ofis, ranar da na fara ganin jan tabon.

Lokacin ina Anka, ina kula da shafin intanet na wata ƙungiyar mata masu man gyaɗa. Na koyi saka wata manhaja da ke nuna duk inda baƙo ya taɓa a shafi. Inda yatsu suka yawaita sai ya yi ja, inda ba a kula ba ya zauna shuɗi. Na zaci jan zai taru a kan maɓallin saye. Sai na same shi can ƙasa, a kan ɗan hotona, daidai kuncina na hagu.

Waya ɗaya ce, mako-mako take zuwa. Mai ita ba ya karanta komai, ba ya sayen komai. Kai tsaye yake gangarowa, ya taɓa fuskata, ya sake taɓawa. Manhajar ta ce daga Legas yake, ni kuwa na yarda.

A shekarar hanyar garinmu Bukkuyum ba ta biyuwa sai da fargaba, na daɗe ban je gida ba. Burina ɗaya, Inna ta ga aikina ko da sau ɗaya ne. Idan na yi mata bayani ta waya sai ta yi dariya ta ce, "Ke dai ɗiyata, aikin da ba a riƙa shi ga hannu, mi za ni gani ciki?"

A darasin manhajar da nake bi an ce taɓawar da ba ta kai baƙo ko'ina ba asara ce. Sai na haɗa hoton da shafin saye. Da mako ya zagayo baƙon ya taɓa, fuskar ta ɓace, kwalaben mai suka fito. Ya koma baya, ya sake, ta sake ɓacewa. Daga ranar bai ƙara taɓawa ba. Yakan zo, ya daɗe a kan hoton, ya tafi. Jan ya yi ta dushewa har ya koma shuɗi. Da damina ta kankama, ya daina zuwa.

A daminar nan Inna ta rasu. Ban riski jana'izarta ba.

Bayan shekaru na je suna a Gummi, na haɗu da maƙwabciyarmu, wadda suke kasa daddawa tare da Inna a kasuwar Bukkuyum. Ta riƙe hannuna, ta daɗe tana kallon fuskata.

"Kowace ranar kasuwa sai ta ce in buɗe mata ke a wayata," in ji ta. "Ta shafa kuncinki da yatsa, ta yi miki addu'a. Rannan na ce mata, yau ba ki shafa ba? Ta ce, bar ta, in na taɓa ta gudu take yi. Kallo ya ishe ni."