Lemon 'Yan Dubiya

Tun da likita ya ce Garbai, mai sayar da huluna a kasuwar Mubi, yana da ciwon suga, matarsa Zenaba ta koma dafa acca da ganye. Amma 'yan dubiya suka yi ta sintiri, kowa da lemon kwalba a leda.

"Alhaji, wannan ne fa ya kwantar da kai!" in ji ta.

"Ba a mayar da hannun kyauta baya," in ji Garbai, yana kurɓa.

Da ya sake kwanciya, Zenaba ta tare su a ƙofa, ranta a ɓace: "Ku shiga da addu'a. Ledar kuwa ku ajiye nan, in ba ta'aziyya kuke so ku dawo yi mini ba."