Ranar da Aka Ce Ni Na Kashe Famfon Gwamnati

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman Legas waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma ranar da mutanen layinmu a Agege suka yi mini zobe a kan famfon gwamnati, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba.

A lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba. 'Yan siyasa sun fito da manyan riguna, kowa ka ji bakinsa sai maganar romon dimokuraɗiyya. Ni kuwa sana'ata sayar da ruwa. Da kura ɗaya na fara, ina lodin jarkoki ina bi gida-gida, har Allah ya buɗa na ƙaro wasu, 'yan garinmu masu zuwa ci-rani suna turawa muna rabawa. Ruwan a gidan wata Alhaja Bayarabiya muke saye, wadda ta haƙa rijiyar burtsatse da kuɗinta, ta sa tanki da janareta. Mace ce mai tsauri, ba ta san wasa ba a harkar kasuwa. Amma in injinta ya yi tari da safe, kafin ta karya kumallo makaniki yana tsugune a gabansa, don ta san abincinta ke nan.

Ni mutum ne mai zargi, ban taɓa ɓoyewa ba. Tun ina ƙauye, in aka miƙo mini abu aka ce kyauta ne, sai na juya shi na duba ƙarƙashinsa. Na ga tarakta ta gwamnati ta ruɓe a bakin garinmu, kaji na ƙwai a cikinta, saboda an rasa wanda zai sayi ɗan ƙarfen da ya karye. Shi ya sa da labari ya zo cewa ƙaramar hukuma za ta haƙa mana famfo a bakin layi, kowa ya ɗiba kyauta, sai na ji abin bai kwanta mini ba.

A teburin mai shayi muke tafka muhawara kowace safiya, ni da wani malamin firamare, Bahaushe haifaffen Agege, wanda Yarabanci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa. Shi a ganinsa ruwa haƙƙin talaka ne, kuma aikin gwamnati ne ta ɗauka daga masu shi ta ba marasa shi.

Na ce masa, "Malam, gwamnati gona gare ta? Kuɗin nan namu ne, na tikitin da ake yankar mana a kasuwa da bakin titi. Kafin ya zagayo ya dawo mana, hannu nawa ya bi? Kuma ina adalci a karɓi harajin Alhaja a haƙa abin da zai kashe mata sana'a? To bar wannan ma. In ya lalace, wa zai gyara?"

Ya ce, "Gwamnati mana."

Na ce, "Ina gidanta, in je in ƙwanƙwasa? Ni dai na san ƙofar Alhaja."

Ya kurɓi shayinsa ya dubi jama'a. "Oga, ka dai fito fili ka ce kasuwarka za ta mutu, abi?"

Wurin ya kaure da dariya. Raina ya ɓaci, don akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Sai na buga tebur na ce, "To ku shaida, famfon nan ba zai ga wata damina ba." Na faɗa da ƙarfi, har masu jiran motar haya ta danfo a tsallake suka waiwayo.

Aka haƙa famfo. Ranar buɗewa aka kafa rumfuna, aka kawo makaɗa, ciyaman ya tara kofi ya sha a gaban jama'a, aka yi ta tafi. An gina wa janareta ɗan ɗaki an garƙame da kwaɗo, makullin yana hannun wani na hannun daman kansila, dogon mutum mai baƙin tabarau wanda ba ya amsa sallama sai da ka.

Ba zan yi ƙarya ba, ruwa ya zuba, kuma ya yi wa mutane rana. Akwai wata dattijuwa da muke kira Iya mai koko, mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki, tana dama koko daura da famfon. Sana'arta ruwa take ci sosai, a da rabin ribarta a jarkokina yake ƙarewa. Yanzu sai ga ta tana wa jikokin wanka safe da yamma. Duk sanda na gifta sai ta ɗaga ludayi ta ce, "Ɗan nan, ya dai? Har yanzu bai mutu ba!" Ni kuma in ce, "Iya, ai da sauran lokaci."

Alhaja ta yi 'yan watanni tana kunna inji babu mai saye, sai ta sayar da janaretan, ta rufe bakin rijiyar, ta fitar da shaguna a wurin. Mutanena suka watse, wasu suka tafi dako Ketu, wasu gadi Obalende. Na koma ni kaɗai da kurata, ina bin layi a famfon gwamnati ina kai wa masu zama a saman bene. Ko a nan ma harara nake sha, ana ganin ina sayar da abin da aka bayar kyauta.

Wata ranar Lahadi da hantsi famfo ya yi ɗis-ɗis ya tsaya. Aka jira, aka ce ko man inji ne ya ƙare. Washegari shiru. Mata suka fara yawo da bokitai babu inda za su nufa. Da surutu ya yi yawa sai aka nemo mai tabarau, ya zo ya buɗe ɗakin inji a gaban jama'a. Wayam. Babu janareta, sai wayoyi a zube da tabon mai a siminti.

Ina can baya da kurata. Mutumin ya cire tabarau a hankali, ya ce ai wannan ba aikin ɓarayin nesa ba ne, aikin waɗanda famfon ya tsone wa ido ne. Bai kira suna ba. Bai ma buƙata ba. Na ga kawuna suna juyowa ɗaya bayan ɗaya, nan take na sha jinin jikina.

Wani ya ce, "Ai ya faɗa da bakinsa! Ya ce ba zai ga damina ba!"

Kafin in ce uffan an riƙe mini wuyan riga. Aka kifar da kurata, jarkoki suka tarwatse a kwata. Wasu na cewa a kai ni wurin 'yan sanda, wasu na cewa a je a fasa ɗakina a duba, wasu samari kuma na jiyo suna tambayar inda za a samo taya a rataya mini a cinna wuta. Wanda bai zauna Legas a shekarun nan ba, ba zai gane ba: rigimar bokiti kan iya zama ta ƙabila kafin azahar. Kuma ko na tsira da raina, wa zai sake buɗe wa ɓarawon inji ƙofar gidansa ya shigar da ruwa? Zamana a Agege ya ƙare ke nan. Na hango malamin firamare a gefe, na yi masa ido ko zai sa baki. Ya sunkuyar da kai. Shi ma, na lura, bai tabbata ba ni ba ne, kuma wannan ya fi riƙon wuyan rigar yi mini ciwo.

Ina ta rantsuwa babu mai saurare, sai ga Iya mai koko ta kutso, ta dawo daga niƙa da ƙullun gero a ka. Ta tambayi abin da ake yi, aka gaya mata. Ta sauke robar a ƙasa, ta dubi mai tabarau sama da ƙasa.

Ta ce, "Kai, ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Ranar Juma'a, maza duk suna masallaci, ba kai ka zo da a-kori-kura ba? Ba kai ka buɗe musu da makullinka suka ɗora injin ba? Har ruwan wanke hannu ni na ba ku. Na tambaye ka, ka ce gyara za a kai shi."

Ashe ruwan da ya rage a tanki muke ta sha tun Juma'ar, shi ya sa babu wanda ya haɗa tsayawar famfon da wata mota. Wani ya ɗaga kwaɗon ya duba, lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu.

Mai tabarau ya shiga kame-kame. Da aka matsa masa, sai ya ce ai ba sata ba ce, aro ne. Wai za a buɗe wani sabon famfo a wata mazaɓa, ciyaman zai je, ba a kawo injin can ba tukuna, shi ne aka ɗauki namu a yi biki da shi, za a dawo da shi. Wani tsoho ya tambaye shi, to namu ɗin daga wace unguwa aka aro shi? Sai ya mayar da tabaransa ya kau da kai.

Hannun da ke wuyana ya sake ni. Mutane suka fara sulalewa, kowa na duban wani wuri. Babu wanda ya ce in yi haƙuri, sai malamin da ya taya ni tsince jarkoki daga kwata.

Inji bai dawo ba. An je sakatariya an gaji, kullum sai a ce ana kan magana. Rijiyar Alhaja kuwa tana ƙarƙashin shagon mai sayar da katifa. Dole muka koma ɗebo ruwa can tsallaken layin dogo, nisa ya ƙaru, farashi ya fi na da. Waɗanda suka kifar da kurata su ne suka riƙa tare ni a hanya suna roƙon in fara ta gidansu.

Da safen da na fara dawowa da ruwa, wurin Iya na nufa. Na sauke mata jarkoki na ce ba sai ta biya ba, kuma haka za mu ci gaba. Ina jin wani ɗan daɗi a raina, na ce, "Iya, kin dai gani ko?"

Ta ajiye ludayi ta ɗago. Ta ce, "Na gani. Ka yi gaskiya, kuma na gode da ruwa. Amma kada ka yi murna a gabana. Kai maganarka ce ta tabbata, ni jikokina ne suka koma wanka sau ɗaya a kwana biyu."

Na ɗauki kurata na tafi.

Har yau ra'ayina bai sauya ba. In aka ce gwamnati za ta ba da abu kyauta, tambayata ta farko ita ce wa zai gyara, ta biyu kuma wa za a kashe wa sana'a kafin a gane. Amma ranar ta koya mini cewa in gaskiyarka ta zo daidai da aljihunka, ka faɗe ta a hankali, don babu mai yarda da kai. Kuma in ta tabbata, kafin ka buɗe baki ka ce ai na faɗa, ka fara duba wanda abin ya faɗo wa a ka.