Ƙarar da Baba Ya Ji a Cikin Inji

Baba ne ya fara jin ƙarar. Ina ɗumama motar da safe a ƙofar gidanmu na Kachalla Sembe a Jalingo, ya fito da butarsa, ya tsaya, ya ce in buɗe bonet. Motar tasa ce tun asali, tsufa ya sa ya bar mini ita. Ya ɗauko dogon sukudireba, ya ɗora tsinin a jikin inji, ya manna mariƙin a kunnensa. Ni dai wani ɗan ƙwas-ƙwas nake ji, wanda bai kai a tsaya a kansa ba.

"Daga ƙasa take," in ji shi. "Mai ba ya kaiwa. Ka kai a sauke injin nan. Ka san Bappanka na kwance a Sunkani, ko yaushe ana iya kirana."

Bappa ƙanensa ne, su biyu suka rage a ɗakinsu. Na ce to. A raina kuwa cewa na yi, mutumin da sai an ɗaga murya yake jin sallama, shi ne zai ji cikin inji?

Na dai kai gareji. Bakaniken ya saurara, ya ce tsoho ya yi gaskiya, amma aikin sai mako guda. Mako guda ina hawa Keke Napep zuwa ofis, abokan aiki na kallona? Na ce ya nemo wata dabara. Ya juye man da ke ciki, ya ɗura wani mai kauri kamar zuma. Ƙarar ta ɗauke ɗif. Ya ce, "Oga, ba gyara ba ne fa, baki muka rufe mata." Na ji shi sarai, ba zan ɗora masa laifi ba.

Da na koma gida na ce wa Baba an gyara. Ya yi mamakin saurin, amma ya sa mini albarka. Wallahi albarkar nan har yau tana ƙona ni.

Ba a yi mako biyu ba aka kira dab da azahar, Bappa ya cika, ana idar da salla za a kai shi. Muka fita a gaggauce. Mun bar gari ke nan ƙarar ta dawo, wannan karon kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Jar fitila ta kama, injin ya buga. Na kira na roƙa a jira mu. Sun jira, amma hadari ya haɗo, kuma ba a ajiye gawa. Baba ya tsaya bakin titi da sandarsa yana ɗaga wa motoci hannu, duk a cike suke wucewa. Daga ƙarshe wata a-kori-kura mai ɗauke da doya ta kwashe mu.

Muna isa muka haɗu da mutane suna dawowa da makara ba kowa a ciki. Baba ya ce a nuna masa kabarin. Na miƙa hannu zan riƙe shi, ya ba wani maƙwabcin Bappa hannunsa.

Sau ɗaya ya tambaye ni, ranar da muka dawo Jalingo: "An sauke injin?" Na ce a'a. Ya gyaɗa kai. Da ma ya zage ni, da na samu sauƙi. Bai yi ba. Amma daga ranar har ya bar duniya, ko maganinsa na ce na sayo, sai na ji ya kira ƙanwata ta duba ko da gaske ne.