Kwalbar da Inna ta wanke

A shekarun da ciwon barci ya addabi ƙasar Lafia, ni ne mai haɗa ruwan gwajin jini a disfansare. Wani garin shuɗi ake niƙawa a cikin sifirit, a tace, a ɗiga a kan jinin da aka shafa wa gilashi, sannan ƙwayar cuta ta fito a madubin likita. Sharaɗinsa ɗaya: kada ruwa ya taɓa kwalbar, ko ɗigo. Sifirit ɗin kuwa sai jirgin ƙasa ya kawo, in ya ga dama.

Inna, mahaifiyata, ta tsani warinsa. Kullum na dawo gida sai ta toshe hanci ta ce, "Kai dai giyar Nasara kake damawa." In ce ba sha ake yi ba, ta ce najasa dai najasa ce.

Ana nan aka kawo yayata daga Keana, inda take aure. Tana cikin dafa gishiri sai ta ɓingire da barci a bakin wuta. Likita ya ce ba zai yi mata allura ba sai ya ga jini, don ita kanta allurar tana makantarwa. Sifirit ɗan kaɗan ya rage mini, na haɗi ɗaya.

Na shanya kwalbar a kan taga, na tafi sallar azahar. Ashe Inna, da ke jinyar yayata a baranda, ta ɗauke ta ta wanke da bisimilla, ta toshe, ta mayar. Kwalbar baƙa ce, ba a ganin cikinta. Na juye sifirit ɗin duka a ciki. Da na ɗiga a gilashi sai dusa-dusa, ba abin da ya fito. Nan na gane ruwa ya taɓa kwalbar.

Na fito a fusace, ni da ba ni da haƙuri, ina tambayar wanda ya taɓa mini kaya. Inna ta ce, "Ni ce. Jinin 'yata ba zai shiga ƙazanta ba." Na juya na koma ciki.

Kafin jirgi ya iso, ciwon ya kai ga ƙwaƙwalwar yayata. Ba ta ƙara gane kowa ba.

Bayan an kai ta makwanci, Inna ta kama hannun rigata ta ce, "Ɗan nan, ko ban wanke da kyau ba ne?"

Na ce, "Kin wanke, Inna. Tas."